Kwalbar Kamun Inna Yalwa

A duk faɗin ƙasar Anka, daga bakin kasuwa har iyakar Bukkuyum, ba a taɓa haihuwar mutumin da ya san sirrin ƙarfe kamar Halilu ba. Shaidar mutum ɗaya ce, kuma mutumin shi ne Halilu.

Iliminsa ya samo asali ne daga kwana goma sha tara da ya yi wurin masu haƙar zinari a dajin Abare, inda aikinsa shi ne jido ruwa a jarka. Ya dawo babu zinari, amma ya dawo da sunan Injiniya, wanda ya raɗa wa kansa a kan hanya. Tun daga lokacin duk abin da ke da ƙarfe a jikinsa a unguwar yake zaman ɗar-ɗar. Akwai gidajen da ake tura rediyo ƙarƙashin gado da zarar an ji sallamarsa.

Ana saura kwana uku a kama amaryar ƙanensa Nafi'u, mahaifiyarsu Inna Yalwa ta buɗe adaka ta fito da kwalbar kamu. Koriya ce mai kauri, da dogon wuya na tagulla, a kan wuyan akwai 'yan ƙananan ramuka bakwai, in an girgiza sai turare ya yayyafo. Uwar Inna ce ta zo da ita daga aikin Hajji. Da ita matan gidan suka yayyafa wa amare takwas turare ranar kamu, kuma cikin takwas ɗin babu wadda ta taɓa yin yajin da ya wuce kwana biyu. Inna ba ta taɓa cewa kwalbar ce dalili ba. Ba ta kuma taɓa yarda a gwada wata ba.

Bana dai damina ta shiga adakar. Wuyan ya yi baƙi ƙirin, gindinsa ya yi kore-kore. Ga shi kuwa an ce gwaggon amarya, Hajiya Basira, za ta taso daga Gummi, matar da in ta kalli kayan mutane sau ɗaya sai a shekara ana ba da labarin abin da ta ce. Inna ta miƙa wa Zubaida matar Halilu kwalbar, ta ce tana son ganin fuskarta a jikin wuyan nan kafin la'asar ɗin Alhamis.

Zubaida ta yanka lemun tsami biyu, ta ɗebo toka a murhu, ta nemo tsumma. Aikin da bai kai dahuwar shayi ba. Tana zaune ke nan Halilu ya shigo.

Ya tsaya a kanta ya harɗe hannu a baya. Halilu in zai yi bayanin ilimi yakan ajiye Hausar garinsu ya ɗauki ta gidan rediyo, to da ita ya sanar da ita cewa lemu da toka aikin tukunya ne, ita kuwa tagulla tana da ɗabi'a, sai wanda ya zauna da ma'adinai ya san ta. Ya ce in ya gama da wuyan nan, mutanen Gummi sai sun kare ido da hannu.

"Baban Hasana," in ji Zubaida, "kwalbar Inna ta fa."

"Shi ya sa ba za a bar ta a hannun 'yan koyo ba."

Ya karɓe. Inna ta ji, amma ba ta hana shi ba. Ɗan farinta ne, kunya ba ta barin ta ko kiran sunansa, balle ta ƙwace abu a hannunsa gaban matarsa. Ta ce dai Alhamis da la'asar, ta koma ɗaki.

Masana ba sa fara aiki sai sun yi gwaji, in ji Halilu. Don haka da Zubaida ta leƙa maƙwabta, sai ya shiga ɗakinta ya cire marufan kwalaben turarenta guda shida da ke jere gaban madubi, masu ruwan gwal ɗin nan da suka fara dusashewa. Ya ɗora tukunyar miya, ya zuba tsamiya da kanwa da gishiri da garin sabulu, ya jefa marufan, ya ƙara itace. Ya duba agogo sau da dama, ko da yake bai ƙayyade lokacin da yake jira ba.

Da ta dawo ta tarar da kwalabenta shida baki buɗe, ɗakin ya cika da ƙamshin da ke ficewa. Ta fito ta tambayi marufanta. Ya sa ludayi ya tsamo su ɗaya bayan ɗaya. Sun lanƙwashe kamar ganda, sun yi fari fat, gwal ɗin kuma yana yawo a saman ruwan kamar maiƙo. Roba ce aka shafa wa launi.

"An yi nasara," in ji shi. "Gwaji ya nuna duk jabu ne."

"Kai ka sawo su, cikin lefe."

Ya ce wannan wata magana ce daban. Ranar dai da totuwar masara aka toshe kwalaben, kuma miyar yamma ta yi kumfa.

Talata da hantsi ya juya kan kwalbar Inna. Ya yanke shawarar cewa tsatsar tagulla ba ta jin ruwa, sai garin dutse, irin yadda ake wanke zinari. Ya samo ɓarin tsohon dutsen niƙa a bayan gida, ya jefa a turmin Zubaida, ya kama daka.

Ƙarar taɓarya a kan hatsi daban, a kan dutse daban, kuma a wannan ƙasa babu kunnen da bai san bambancin ba. Tun shekarar da gubar dalma ta kwashe yara a ƙauyuka, dakan dutse a cikin gida ba abin wasa ba ne. Maƙwabciya ta farko ta janye 'ya'yanta daga jikin katanga. Ta biyu ta yafa mayafi ta fita. Kafin dutsen ya yi laushi, mai unguwa Malam Junaidu yana zaure yana sallama, tare da Madam Veronica ma'aikaciyar lafiya, da magidanta biyar, da waɗanda suka biyo magidantan.

Suka same shi tsugune, fari fat da ƙura har gira, yana juya gari a kwano da ruwa, wani abu mai wuyan ƙarfe kuma ya lulluɓe shi da hula a gefe.

Madam Veronica ta tambaye shi dutsen mene ne yake daka, kuma daga wane rami. Amsar gajeriya ce, ta kuma isa ta sallami kowa. Amma Halilu ya ɗaga kai ya ga mutum ashirin suna kallonsa da irin kallon da ya daɗe yana jira, sai ya ji ba zai iya cewa kwalbar turare ba ce.

"Madam," ya ce, "ba kowane aiki ne ake bayyanawa ba."

Mai unguwa ya ce to shi ke nan. Aka ɗauke turmi da taɓarya da kwano, aka ƙulle su a buhu. Aka aika da yaran gidan a duba jininsu. Samari suka zo da shebur suka kankare ƙasar tsakar gida kamu ɗaya, suka kwashe a baro. Da Halilu ya ga an kai ga murhu, sai ya ɗage hular ya nuna kwalbar, ya yi bayani dalla-dalla. Babu wanda ya yarda. Malam Junaidu ya ce a shekarunsa bai taɓa ganin magidanci mai hankali ya daka dutse saboda kwalbar turare ba, kuma ba ya so ya zargi Halilu da rashin hankali, gara ya zarge shi da zinari.

Da azahar labari ya kai tasha cewa Injiniya ya samu. Da la'asar an ce cikin gwangwani ne, kafin magariba ya zama cikin bokiti. A majalisa aka tashi aka ba shi tsakiyar benci, mai shayi ya ƙara masa madara ba tare da ya nema ba. Halilu ya zauna yana murmushi yana cewa a bar maganar. Sai da ya koma gida Inna ta kira shi bakin ƙofarta, ta tambaye shi a hankali ko ya manta irin baƙin da labarin zinari ke gayyatowa a kan babura. Murmushin ya tafi. Ya fita yana bin gida-gida yana rantsuwa cewa shi matsiyaci ne, ko akuya ba shi da ita. Wannan ce magana ta farko da unguwar ta karɓa daga bakinsa ba tare da gardama ba.

Jinin yara ya fito lafiya. Turmi kuwa aka ce sai an gama bincike. Da dare aka yi ruwa, tsakar gidan da aka kankare ya zama tafki, a daidai inda za a kafa tukwanen biki. Wuyan kwalbar yana nan baƙi yadda yake, sai dai yanzu ya sami zane-zanen ƙarce.

Laraba da safe Halilu ya sa sabon ɗinkin ankon biki, don a tabbatar ya yi masa daidai, ya nufi shagon Theophilus mai cajin batir a bakin tasha. Theophilus ya shekara ashirin a Anka, ya san Hausa, ya kuma san Halilu. Da ya ji ruwan batir ake nema, sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya tambayi abin da za a yi da shi. Da aka gaya masa, ya ce matarsa da lemun tsami take yi.

"Kowa matarsa da lemun tsami take yi," in ji Halilu. "Shi ya sa ƙasar nan ba ta ci gaba."

"Injiniya, ruwan nan bai san babba ba."

Halilu ya ce lissafin yana kansa. Theophilus ya zuba masa kaɗan, ya kira mai faci da mai nama su shaida cewa ya yi gargaɗi.

A kan bencin shagon aka yi aikin. Halilu ya juye ruwan a gwangwanin madara, ya ɗora gwangwanin a kan benci kusa da cinyarsa, ya kifa wuyan kwalbar a ciki. Ruwan ya yi tsuwa, wani hayaƙi ya tashi da ya sa mai nama ya ja tirensa gefe. Da ya tsamo ya ɗauraye, sai ga wuya yana walƙiya, ja-ja kamar sabon kwabo. Dole a faɗi gaskiya: ya yi kyau. Mai faci ma ya ce ya yi kyau.

Abin da ya rage shi ne ya kai wa Inna. Hanyar gida tafiyar minti biyar ce, Halilu ya yi ta a awa uku. Ya bi ta layin maƙera ya nuna musu yadda ake sana'arsu. Ya bi ta layin masu turare ya yi musu alkawarin buɗe kamfani, reshe a Gummi, reshe a Bukkuyum. Mutane suna ta bin sa a baya, abin da ya ɗauka sha'awar ilimi ce. Gwangwanin madarar ya huje tun a kan benci, ruwan ya bi katako ya sami inda yake zaune, kuma tun daga layin maƙera bayan wandon ankon yake zubewa kaɗan-kaɗan kamar ganyen da fara ta ci.

A majalisa ya ɗaga kwalbar ta wuya don rana ta haska ta. Wuyan ya tsaya a hannunsa, kwalbar ta tafi. Allah ya sa a cinyar mai shayi ta faɗa. Ruwan batir ya cinye tsohon ƙaron da ya riƙe wuyan shekara sittin.

Halilu ya dubi wuya, ya dubi kwalba, ya ce da ma haka Larabawa suka ƙera ta, don a ji daɗin zuba turare. Ya juya zai tafi, a nan ne majalisa ta ga bayansa. Wani dattijo ya miƙa masa buzun salla ya ce ya riƙe, ba sai ya dawo da shi ba.

Alhamis da azahar gida ya cika da mata, ana girki a kan tubalan da aka jera cikin taɓo, ana daka a turmin aro. Halilu ya kulle kansa a ɗaki da kwalbar, da humrar da Zubaida ta haɗa, da gam mai kama ƙarfe guda uku, irin wanda ɗigo ɗaya ke isa. Ya cika kwalbar da humra. Ya matse gam na farko, ya ga kamar bai isa ba, ya matse na biyu. Na ukun don tabbaci ne. Ya ɗora wuyan, ya damƙe kwalbar da hannun dama da ƙarfinsa, ya ƙirga ɗari.

Da ya kai ɗari ya buɗe hannu, hannun bai ji umarni ba.

Ya gwada da hagu. Ya gwada da haƙori. Da aka kira la'asar Zubaida ta buga ƙofa, ya fito riƙe da kwalba a gabansa kamar mai shirin gabatar da kyauta. Inna ta miƙo hannu ta kama, ta ja. Ya biyo ta.

Aka kawo shawarwari. Wata ta ce ruwan zafi, Inna ta ce kwalba za ta tsage. Wata ta ce fetur, Inna ta ce ba za a kama amarya da warin tasha ba. Aka shafa man gyaɗa, abin da ya ƙaru shi ne santsi. Wata gwaggo ta ce a ɗauki turaren kanti mana, yau kaɗai. Inna ta dube ta har sai da ta tuna tana da aiki a madafa.

"Da kwalbag ga za a yi kamu," in ji Inna. "Abin da am manne da ita, shi taho."

Matsalar ita ce wan miji ba ya shiga ɗakin amaryar ƙanensa, ko a hanya suka haɗu kowa kauce wa yake yi, balle ranar kamu a tsakiyar mata. Halilu ya fara bayanin wata dabara da ta ƙunshi zarto. Inna ta ciro babban mayafinta ta lulluɓa masa tun daga ka, Zubaida ta ɗaura masa zane a kan wandon da ya rage, aka ce ya sunkuyar da kai, kuma ko mene ne ya faru kada ya yi magana. Aka sa shi a tsakiyar ayari aka fita ana guɗa.

A gidan su amarya Mardiyya ƙawaye sun ɓoye ta a ƙuryar ɗaki, aka yi ja-in-jar da aka saba, aka fito da ita lulluɓe aka zaunar a kan tabarma a tsakar gida. Hajiya Basira tana kan kujera a gefenta, da tabarau, tana duba dangin ango ɗaya bayan ɗaya kamar mai sayen atamfa. Idonta ya tsaya a kan doguwar da ke bayan Inna. Ta tambaya wace ce.

Inna ta ce baƙuwa ce daga Zugu, kunya gare ta.

"Ikon Allah," in ji Hajiya Basira, tana kallon ƙasa. "Matan Zugu sun samu ƙafa."

Inna ta yi bismilla, ta kama wuyan hannun baƙuwar, ta ɗaga shi a kan amarya, ta girgiza. Ko ɗigo. Ta sake girgizawa, baƙuwar ta yi tangal-tangal. Gam ya bi ta ciki ya toshe ramukan nan bakwai, bai bar ko ɗaya ba. Masu guɗa suka riƙe numfashi suna jira, har guɗar ta huce a bakinsu.

Hajiya Basira ta miƙe ta matso, ta gyara tabarau, ta duba wuyan da kyau. Ta ce tagullar dai ta asali ce, ba a samun irinta yanzu. Ta ce sai dai duk yarinyar da aka ba gugar nan ba ta iya aiki ba, ta cika toka har ta toshe ramuka, ga kuma ƙarce ko'ina, da gani da lemu ruɓaɓɓe ta yi.

An ɗora wa Halilu zane ya jure. An ce ƙafarsa ta yi girma ya jure. Wannan ce ba ta juruwa.

"Ba toka ba ce, Hajiya," in ji wata murya mai kauri daga cikin mayafin. "Ruwan batir ne, bisa lissafi."

Matan da suka sauke mayafi suka shiga neman mayafansu. Amarya ta ƙara dunƙulewa. Wata tsohuwa ta fara salati ba ta san inda za ta tsaya ba. Halilu kuwa, tunda magana ta riga ta fito, ya ga gara ya kammala ta. Ya ture lulluɓin baya, ya bayyana cewa ramukan lafiyarsu ƙalau, girgizar ce ba a yi ta bisa ƙa'ida ba, ana so ne a yi ta daga kafaɗa. Ya zame hannunsa daga na Inna, ya ɗaga, ya kaɗa sau ɗaya da dukan ƙarfinsa.

Gam ɗin, ashe, ya kama hannu, ya kama ramuka, wurin da bai kama sosai ba shi ne inda aka sa shi. Wuyan ya tashi ya haye katanga. Humra cikin kwalba guda ta sauka a kan Hajiya Basira, daga goshi har ƙirji.

Turare ya yi ta ɗiga daga tabarau. Can wata daga cikin ƙawayen amarya ta tambaya, da ladabi, ko yanzu Gwaggo ce za a kai ɗakin Nafi'u, tunda ita aka kama. Dariyar da aka riƙe ta ɓalle, har kafaɗun amarya suna rawa a cikin lulluɓi.

Hajiya Basira ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi. Ta shinshina hannunta ta ce humrar dai ta yi kyau, wadda ta haɗa ta ta san aikinta, sai dai Allah ya ba ta haƙurin zama da abin da take zaune da shi. Zubaida ta ce amin a hankali.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta sake kama wuyan hannun ɗanta, ta murɗa shi ƙasa yadda ake karkata buta, ta kifa bakin kwalbar a kan Mardiyya, ta jira. Ɗigo uku suka sauko. Ta ce an kama, a yi guɗa. Aka yi.

Sai ranar Asabar Madam Veronica ta raba Halilu da kwalbar, kwalbar lafiya lau, tafin hannun ya ɗan rage kauri. An tsinci wuyan a garken maƙwabta, ya riga ya fara baƙi. Shi dai yana nan a kan cewa aikin ya yi nasara, abin da ya rage gyaran ƙarshe ne.

Hoton kamun ya fito da kyau, har yanzu yana yawo a wayoyin mutanen Anka da Gummi. A layin gwaggonnin ango, ta uku daga hagu tana da gemu.